Ma'auni Biyu a Belén

Ƙarfe tara na dare a ƙaramin asibitin Belén,
fanka na juyi kamar an sa ta dole,
kogin Itaya ya hau har matakala ta huɗu.
Daga ni, Nilda Ahuanari, sai kwamfutar ofis
wadda harufanta uku suka goge tun bara.

Na buɗe jadawali, gurabe jere kamar na dara.
Sahun farko makonni ne, ɗaya zuwa ashirin.
Na biyu ruwan sama, milimita nawa ya zuba.
Na uku masu zazzaɓin dengi da suka zo mana
da ƙafarsu, ko a kwalekwale, ko a bayan uwa.

Na ce wa na'ura ta zana, ta zana.
Ginshiƙan ruwa shuɗaye suka miƙe tsaye,
marasa lafiya kuwa suka kwanta a gindinsu,
ɗan jan zare da ƙyar ido ke kama shi.
Ba laifinta ba ne.
Mudu ɗaya na ba ta,
ta auna ɗari biyu na ruwa da sha biyu na mutane,
ruwa ya shanye su.

Sai na taɓa jan zaren nan,
na ce masa: tashi ka koma ma'auni na biyu.
Hagu ta riƙe ruwa, dama ta riƙe mutane,
kowa da tsaninsa.
Zare ya ɗaga kai, ya hau, ya gangaro, ya sake hawa.
Na matso da kujera.
Duk inda ginshiƙi ya yi tsawo,
mako uku a gabansa zare ya yi tozo.
Mako uku:
ƙwan sauro a tsohuwar taya, a durom marar murfi,
sannan cizo, sannan ciwon bayan ido,
sannan layi a ƙofarmu tun asuba.

Likita Eleodoro Pinedo ya leƙo, lemarsa na ɗiga.
Ya daɗe yana kallo ta bayan kafaɗata.
"Gobe mutanen Lima za su zo," in ji shi.
"Ɗan ɗaga rufin dama zuwa ɗari biyu,
zaren zai lafa."
Ba mugu ba ne. Kwana biyu bai runtsa ba.

Da ya fita na gwada.
Zare ya kwanta luf, kamar kare a inuwa.
Na gwada akasin haka, na datse gindin ma'auni,
zare ya zama dutsen da babu irinsa a dajin nan.
Lamba ko ɗaya ban taɓa ba,
amma sau biyu na yi ƙarya.
Na tuna mai awon da ke ɓoye mudu biyu,
na saye daban, na sayarwa daban.

Na mayar da su sifili, hagu da dama.
Rufin dama hamsin.
Na rubuta wa kowane gefe sunansa da launinsa,
don kada wani ya karanta yara da milimita.

Mako na sha huɗu, arba'in da bakwai.
Ɗigo ne kawai, bai kai ƙwayar shinkafa ba.
A cikinsa akwai Jhoselyn,
'yar matar da ke soya ayaba a bakin gada,
wadda ta tambaye ni ko ƙarin ruwa yana da ɗanɗano.
An sallame ta ran Laraba.
Biyu daga cikin ɗigon ba a sallame su ba,
kuma zane ba shi da wurin faɗin haka.

Na tura wa firinta.
Jar tawada ta ƙare, zaren ya fito fari fat.
Na zaro jan biro daga gashina,
na bi shi da hannu, mako bayan mako,
ruwa na dukan kwano,
sauro ɗaya na kewaya fitila.